Abin da Ɗan Aike Yake Karantawa: Rajistar Aikin Auna Bayanan Kayan Aiki, Jidda

Asabar, 6 ga Satumba, 2025

Yau na buɗe wannan rajista, domin na lura cewa duk abin da ban rubuta ba a ranar da ya faru, bayan mako biyu sai in tuna shi yadda raina yake so. Ofishin kawuna da ke nan Jidda, mai ƙaramin reshe a unguwar Masfala ta Makka, ya daɗe yana yi wa masu Umara daga Nijeriya da Nijar hidimar mota da masauki da awon kaya, kuma kusan duk cinikin a WhatsApp ake ƙulla shi da Hausa, sau da yawa a tsakar dare. An yanke shawarar a gwada ɗan aike mai ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da aikinta bai tsaya ga amsa tambaya ba, har tana iya kiran wasu ƙananan manhajoji su duba ko akwai mota, su kama ta, su fitar da fatura, wato takardar kuɗin da abokin ciniki zai biya. Waɗannan ƙananan manhajoji su ne kayan aikin, kuma guda 9 muke da su: 4 ƙanina ne ya rubuta, 3 daga wani kamfanin sufuri da muke hulɗa da shi suka zo, 2 kuma na kyauta ne da muka ɗauko a intanet.

Abin da aka ɗora mini shi ne in auna ingancin rubutaccen bayanin da yake tare da kowane kayan aiki. Dalilin da ya sa wannan ya zama aiki mai zaman kansa shi ne, ɗan aiken ba ya ganin cikin manhajar da zai kira. Mun haɗa kayan ta ƙa'idar MCP, wato tsarin da ake bi wajen haɗa irin wannan ɗan aike da kayan aikinsa, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamban 2024, kuma a ƙarƙashin wannan ƙa'ida abubuwa 3 ne ginshiƙin abin da ake miƙa masa game da kowane kayan aiki: sunansa, da bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike, wanda ake rubutawa da tsarin JSON Schema, wani salon fayyace wa manhaja irin abin da kowane gurbi yake karɓa. Da waɗannan kaɗai zai yanke hukuncin wanne zai kira, da yaushe, da abin da zai zuba a ciki. Sabon ma'aikaci idan ya ruɗe zai juya ya tambayi na kusa da shi. Ɗan aike kuwa mafi yawan lokaci cikewa yake yi da zato, ya wuce.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bayan sallar Juma'a na zauna na tsara ma'aunin farko. Tambayoyi 6 ne, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 2. Shin bayanin ya faɗi abin da kayan aikin yake yi da kalmomin da baƙo zai fahimta? Shin ya faɗi lokacin da ya dace a kira shi, da lokacin da wani ne ya fi dacewa? Shin kowane gurbi an bayyana irin abin da yake karɓa da ma'auninsa? Shin an faɗi siffar amsar da za ta dawo? Shin saƙon kuskure yana nuna hanyar gyara? Shin an faɗa a fili idan kiran yana canza wani abin da ba ya komawa, kamar cire kuɗi ko soke mota?

Tambaya ta biyu ce na fi daɗewa a kanta. Muna da kayan aiki 2 masu suna kusan iri ɗaya, ɗaya yana neman motocin da babu kowa a kansu, ɗayan yana neman motocin da aka riga aka kama wa wani, kuma bayanin kowannensu jimla ɗaya ce da ta fara da cewa yana nemo mota. Ni kaina sai da na buɗe abin da ƙanina ya rubuta a ciki kafin na rarrabe su, alhali ni ɗan gida ne.

Asabar, 20 ga Satumba

Na ba 'yar kawuna, wadda take karatun kwamfuta a jami'a, kwafin bayanan 9 da ma'aunin, na roƙe ta ta ba da maki ba tare da ta ga nawa ba. Da muka jera takardun biyu a kan tabarma, sai ga shi mun saɓa a wurare da dama, kuma kusan a ko'ina ni ne na fi ta sassauci. Ta ɗora yatsa a kan bayanin kayan aikin fatura, inda na ba da 2 ita kuma ta ba da 0, ta ce, "Yaya, ai kai ba takardar ka karanta ba, abin da ka riga ka sani ka karanta." Na so in yi gardama, amma da na sake duba layin sai na ga lallai babu inda aka rubuta abin da nake rantsuwa yana nan.

Ta kawo shawarar mu lissafa ma'aunin daidaituwar masu ba da maki wanda Jacob Cohen ya gabatar a 1960, mai suna kappa, wanda yake cire daidaituwar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Na ƙi, saboda kayan aiki 9 da mutum 2 sun yi kaɗan a gina lissafi a kansu, kuma lambar da za ta fito za ta ba mu natsuwar da ba mu cancanta ba. Abin da muka yi shi ne muka rubuta misali guda a ƙarƙashin kowane maki, domin duk wanda zai auna a gaba ya san yadda 1 take kama da yadda 2 take kama.

Talata, 23 ga Satumba

Yau ranar hutun ƙasa ce a Saudiyya, ofis a rufe, don haka na samu damar yin gwaji na farko da ɗan aiken kansa. Na shirya saƙonni 20 irin waɗanda abokan ciniki suke aikowa, na cire duk sunaye da lambobin waya na gaskiya, na haɗa komai da rumbun gwaji wanda babu kuɗin kowa a ciki. Kowane saƙo na maimaita shi sau 5, domin irin waɗannan manhajoji ba lallai su ba da amsa ɗaya ga tambaya ɗaya ba, kuma nasarar karo guda ba hujja ba ce.

Saƙo na uku cewa yake yi a fitar wa wata Hajiya faturar mota daga Jidda zuwa Makka a kan riyal 350. Ɗan aiken ya kira kayan aikin da ya dace, ya rubuta 350 a gurbin da aka sa wa suna amount, faturar ta fito da riyal 3 da halala 50. Ashe ƙanina ya tsara gurbin ya riƙa karɓar halala, wadda 100 ke yin riyal 1. Dabara ce da masu rubuta manhajar kuɗi suka saba da ita domin su guje wa kurakuran lissafin ɗigo, kuma ba ni da ja a kanta. Laifin shi ne bayanin gurbin kalma 2 ne rak, waɗanda ma'anarsu ita ce "yawan kuɗi".

Da yamma na kai wa Kawu kwamfutar yana shan shayi, na fassara masa bayanin baki da baki. Bai tsaya kan batun halala ba ma, sai ya ture tabaransa zuwa goshi ya ce, "To ɗana, wannan 350 ɗin da harajin ne ko ban da shi?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, takardar ba ta faɗa ba." Ya ce, "Ashe ba a gama rubuta ta ba." Harajin sayayya a nan kashi 15 cikin 100 ne tun watan Yulin 2020. Idan 350 ba ta haɗa da haraji ba, Hajiya za ta biya riyal 402.50. Idan ta haɗa, kuɗin motar riyal 304.35 ne, harajin kuma 45.65. Tun da aka fara tilasta fitar da fatura ta lantarki a ranar 4 ga Disamban 2021, wannan rarrabewa ba abin wasa ba ce ga ɗan kasuwa. A ofishinmu kowa ya san farashin da ake faɗa wa mahajjaci da harajin a ciki yake, har direbobi sun sani, shi ya sa babu wanda ya taɓa tunanin rubuta shi. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma ɗan aikenmu kullum baƙo yake wayar gari, domin abin da ya gano jiya ba ya tare da shi yau sai an rubuta masa.

Na gyara layin ya koma jimla 2: cewa kuɗin da halala ake rubuta shi, misali 35000 na nufin riyal 350, da kuma cewa harajin yana ciki. Ban taɓa komai ba ban da wannan. A maimaitawa 5 da suka biyo baya, faturar ta fito daidai duka.

Asabar, 4 ga Oktoba

Makonni biyun nan kan lokaci da kwanan wata suka tafi, kuma a nan ne na gane cewa ma'aunina na takarda bai isa ba. Kayan aikin kama mota na kamfanin sufurin shi ne ya fi kowanne maki a wurina da wurin 'yar kawuna, domin bayaninsa tsaf yake, da cikakkun jimloli, har da misali. A gwaji kuwa shi ya fi ba da wahala.

Matsala ta farko, amsar da yake mayarwa tana ɗauke da lokaci a agogon duniya na UTC, da harafin Z a ƙarshe kamar yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tanada, amma bayanin bai ambaci haka ba. Agogon Saudiyya yana gaba da UTC da awa 3. A wasu gwaje-gwajen ɗan aiken ya lura da harafin ya gyara da kansa, a wasu kuma ya gaya wa abokin ciniki mota za ta zo ƙarfe 11 na safe alhali ƙarfe 2 na rana ce. Irin wannan kuskure mai zuwa yana ɓacewa ya fi mai faruwa kullum haɗari, domin zai iya wuce gwaji lafiya ya jira tsoho a bakin otal cikin rana.

Ta biyu ta fi daɗin tunani. Kano da Yamai suna bayan Jidda da awa 2. Idan mutum a Kano ya rubuto da ƙarfe 11 na dare cewa a tura wa mahaifiyarsa mota gobe, a nan ƙarfe 1 na dare ne, kuma gobensa ta riga ta zama yau ɗinmu. Babu kayan aikin da ya faɗi da agogon wane gari ake fassara kwanan wata. Sai kuma masu rubuta 5/6, wanda wani zai karanta 5 ga Yuni, wani kuma 6 ga Mayu, da tsofaffin mazauna nan da suke ba da kwanan wata na Hijira. Kayan aikin sauya kalanda da muka ɗauko a intanet bai faɗi ko kalandar Ummul Ƙura ta hukumar Saudiyya yake bi ba ko kuwa ta lissafi tsantsa, alhali su biyun kan saɓa da kwana ɗaya ko biyu. Haka nan na lokutan salla yana da gurbin zaɓen hanyar lissafi da lamba, ba tare da faɗin wace lamba ce ta wa ba. A tsarin Ummul Ƙura, Isha'i minti 90 ce bayan Magariba, a watan Ramadan kuma minti 120, yayin da wasu tsare-tsaren da kusurwar rana suke lissafa ta. Ga mai tsara tashin mota bayan Isha'i, wannan bambanci ne da ake ji a jiki.

Daga yau makin takarda ya koma mataki na farko kawai. Hukunci na ƙarshe yana hannun abin da ɗan aiken ya aikata da bayanin.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na aika wa kamfanin sufurin jerin gyare-gyare 5 da misalin kowanne. An amsa da godiya, an kuma haɗo mini takardar PDF mai shafuka da yawa wadda aka ce komai yana ciki. Gaskiya ne, batun UTC yana nan a wani shafi can ciki. Ɗan aiken dai ba ya ganin wannan takarda.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Tunda gyara daga can ba zai zo da wuri ba, ƙanina ya rubuta wani siririn mayafi da ya lulluɓe kayan aikinsu 3, ta yadda bayanin da ɗan aiken yake gani namu ne, kiran kuma yana wucewa zuwa nasu. Wannan ya ba ni damar duba saƙonnin kuskure, waɗanda da farko na ɗauke su ƙaramin abu, yanzu kuwa nake ganin su rabin bayanin ne, domin su ne kaɗai maganar da kayan aiki yake yi da ɗan aike bayan an fara aiki.

Wani saƙon gwaji ya ce a ɗauko baƙi a filin jirgin Makka. Makka ba ta da filin jirgin sama, kuma duk Bahaushen da ya faɗi haka filin Sarki Abdul'aziz na Jidda yake nufi. Ɗan aiken ya rubuta Makka a gurbin filin jirgi, amsa ta dawo da lambar kuskure 400 da kalma 2 masu cewa buƙatar ba ta inganta ba. Sai ya sake gwadawa da wani rubutun sunan, ya sake, ya sake, har ya gaji ya ba abokin ciniki haƙuri. Muka canza saƙon ya koma cewa gurbin yana karɓar JED ko MED ko TIF kaɗai, wato Jidda da Madina da Ɗa'if, kuma mafi yawan masu zuwa Makka ta JED suke sauka. Daga nan idan ya yi kuskuren, a kira na biyu yake gyarawa. Da muka jera zaɓin 3 a cikin tsarin gurbin tun daga farko, kuskuren ma ya daina fitowa.

Wanda ya tayar mini da hankali shi ne kayan aikin soke mota. Wani saƙo tambaya kawai yake yi, nawa za a mayar wa mutum idan ya fasa tafiya, sai ɗan aiken ya kira kayan soke motar domin ya ga adadin, saboda bayanin ya ce yana mayar da adadin kuɗin da za a dawo da shi, bai ce da zarar an kira shi motar ta tafi ke nan ba. Sigar MCP ta 26 ga Maris 2025 ta ƙaro wasu alamomi da ake liƙa wa kayan aiki, da za su nuna ko karatu kawai yake yi, ko yana iya rusa wani abu, ko maimaita kiransa ba ya ƙara komai. Mun sa su, amma ƙa'idar da kanta ta kira su ishara ce kawai, ba tabbaci ba. Saboda haka muka raba aikin gida biyu, ɗaya mai lissafa kuɗin fasawa, ɗaya mai sokewa, kuma na biyun ba ya tafiya sai ma'aikacin ofis ya danna amincewa.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na yi zarɓaɓi. Ganin cewa ƙarin bayani yana gyara al'amura, sai na riƙa ƙara wa kowane kayan aiki sakin layi bayan sakin layi, har bayanin kama mota ya kusa cika shafi. Bayanan kayan aiki duka ana tura su ne tare da kowace hira, ana kuma biyan kuɗi gwargwadon yawan rubutun da aka tura, don haka kuɗin gwaji ya tashi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗan aiken ya fara kwafar misalina yadda yake: na ba da misali da fasinja 4, sai ga shi idan abokin ciniki bai faɗi yawan mutane ba, yana rubuta 4 maimakon ya tambaya. Na datse bayanan, na bar ma'auni da iyaka da abin da ba ya komawa, na kuma ƙara jimla guda mai cewa idan ba a faɗi yawan fasinja ba a tambaya.

A wannan makon ne kuma batun sunaye ya taso. Kayan aikin neman abokin ciniki yana daidaita harafi da harafi, kuma bai faɗi haka ba. Layukan ƙasan fasfo da na'ura take karantawa haruffan A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi kawai suke ɗauka, don haka babu ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, kuma daga fasfo ma'aikatanmu suke kwafar suna. Ɗan aiken kuwa, da yake Hausa mai kyau yake ƙoƙarin rubutawa, sai ya gyara Danjuma zuwa Ɗanjuma kafin ya nema, amsa ta dawo babu kowa. Haka lambobin waya da ake aikowa da lambobin Larabci daga wayoyin da aka saya a nan. Ƙanina yana ganin wannan gyaran manhaja ne, bai shafi bayani ba, kuma yana da gaskiya a rabi, domin ya fi kyau kayan aikin ya karɓi kowane irin rubutu. Amma kafin ya samu lokacin gyarawa, jimla ɗaya a bayanin ta toshe ɓarakar.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Jiya gwajin lokutan salla da ya daɗe yana wucewa lafiya ya faɗi. Da na bincika sai na tarar mai kayan aikin ya sabunta shi, ya canza sunan gurbi ɗaya da bayaninsa, mu kuma muna ɗauko sabuwar siga kai tsaye ba tare da wani ya duba ba. Wannan karon asarar kaɗan ce, amma ta tuna mini da abin da masu bincike na kamfanin tsaron manhaja Invariant Labs suka bayyana a watan Afrilun 2025, cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wanda mai amfani ba ya gani amma ɗan aike yana karantawa kuma yana iya bi. Rumbunmu yana ɗauke da lambobin fasfon mutane. Daga yau muna ajiye kwafin kowane bayani, kuma idan harafi ɗaya ya canza, kayan aikin zai tsaya har sai ni ko 'yar kawuna mun karanta bambancin. Na ƙara tambaya ta 7 a ma'aunin: shin a cikin bayanin akwai wata magana da take umartar ɗan aike da abin da bai shafi aikin kayan ba?

A halin yanzu kayan aiki 6 sun wuce duka saƙonnin gwaji da suka shafe su. Na sauya kalanda har yanzu ban amince da shi ba, kuma ina tunanin mu rubuta namu. Na awon kaya ban ma fara shi ba, domin a ofis ana maganar kilo da jaka da kwali a cakuɗe, kuma sai na zauna da mai kula da awo ya faɗa mini yadda ake lissafin jarkar zamzam da buhun dabino kafin in san abin da ya kamata a rubuta. Saƙonnin gwaji 20 ma sun yi kaɗan, kuma duka ni na rubuta su da Hausata ta makaranta, alhali rabin abokan cinikinmu saƙon murya suke aikowa, wasu da Hausar Damagaram, wasu da ta Masfala mai gauraye da Larabci. Kawu yana son a fara amfani da ɗan aiken kafin cunkoson Umarar Ramadan, wanda zai kama a watan Fabrairun 2026. Na ce masa zan ba shi amsa bayan na gwada saƙonni 50 da ma'aikatan Masfala za su tattaro, kuma ranar Lahadi zan bi jirgin ƙasa na Haramain zuwa Makka in karɓo su.